Inna a Cikin Firiza

Ɗinki ne sana'arta, don haka kowa a layin yake ce mata Tela, har mahaifiyarta. A gangaren unguwa take zaune, inda babbar kwata ke bi ta gefen gidaje ta gangara teku. Su uku ne a ɗaki biyu: ita, da Inna da ƙafafunta suka shanye tun bara, da 'yarta Auta da ba a sa ta makaranta ba tukuna. Mijinta direban babbar mota ne, kwanansa a hanya ya fi na gida.

A daminar nan guguwa ta riga ta same su sau biyu. Ta farko ta yaye kwanon rufin banɗaki. Ta biyu ta shigo da ruwa har gwiwa, katifu suka daɗe suna wari. Da motar hukuma ta zagayo da lasifika tana cewa wata guguwar na tafe, kowa ya koma makarantar kan tudu, sai Inna ta ce ita ba inda za ta.

"Wancan karon a kan siminti na kwana, yara suna tsallake ni kamar turmi. Ruwan da bai wuce gwiwa ba? Ki ɗora gadon a kan bulo, shi ke nan."

Tela ta yi magiya har ta gaji, sannan ta jera bulon. Ta kinkimi keken ɗinki ta ɗora kan tebur, ta ƙulle kayan mutane a leda ta rataye a ƙusa.

Da hantsi iska ta taso. Kafin azahar gari ya yi duhu kamar magariba, wuta ta ɗauke, kwanon rufi yana ɗagawa yana faɗuwa kamar ana dukansa da taɓarya. Auta ta cusa kai cikin zanen Inna. Tela tana kallon ƙasan ƙofa, inda ta toshe da tsummoki, sai ta ji wani gurnani daga banɗaki. Ta leƙa. Baƙin ruwa ne ke ɓulɓulowa ta ramin, da shara da ɗoyi. Ba ta gama juyowa ba tsummokin ƙofa suka taso suna yawo a tsakar ɗaki.

Wannan ruwan bai tsaya a gwiwa ba. Tana gani ya shanye bulo, ya kama ƙafar gado, ya taɓa katifa. Ta danna waya, babu layi. Ta durƙusa ta ce Inna ta hau bayanta. Taku biyu suka yi santsi ya kwashe su, da ƙyar ta mai da tsohuwar kan gado, Auta tana ta ƙwala ihu.

"Tela," in ji Inna, muryarta a kwance. "Ɗauki yarinyar nan ki tafi."

"Ki daina wannan magana, Inna."

"Bayanki ɗaya ne. Ni na jawo, ni zan zauna. Goya ta."

Tela ta goya Auta, ta ɗaure da zane biyu, amma ƙafarta ta ƙi fita. Ta buɗe taga, ruwan sama ya mare ta a fuska, ta yi ta kururuwa cikin layin da ba kowa. Can sai ga wani farin abu yana tahowa a kan ruwa, da mutum a bayansa. Maƙwabcinsu ne, Mai Ƙanƙara, wani ƙaton mutum da ya dawo ceton firizarsa, doguwa mai murfi a sama, yana tura ta kamar kwalekwale.

"Yaya! Yaya, Inna tana ciki!"

Ya tsaya yana kallonta baki buɗe. "Kuna nan har yanzu? Innalillahi!"

Sai da ya sa kafaɗa ƙofar ta buɗe. Ya ɓalle murfin firizar ya yar, ya sunkuci Inna kamar jaririya ya zaunar da ita a ciki.

"Inna, yau kin shiga firiza. Ko shekara za ki yi ba za ki lalace ba."

"Ja'iri," in ji ta, haƙoranta suna kaɗawa. "Tura dai."

A waje ruwa ya kai wa Tela ƙirji, mai sanyi, yana jan ƙafafunta ta ƙasa. Layin da ta sani kamar tafin hannunta ya ɓace, ba a gane titi, ba a gane kwata.

"Ki bi jikin bango," in ji Mai Ƙanƙara da ƙarfi, don iska na kwashe magana. "Kwatar tana hagu, kuma ba murfi. Kada ki ɗaga ƙafa, ki riƙa jan ta."

Yana gaba yana ja, tana baya tana turawa. Wata akuya ta wuce su, ƙafafu a sama. Wayar lantarki ta tsinke tana lilo cikin ruwa, suka raɓe ta gefe, ba wanda ya san ko da rai a cikinta. Wani fallen kwano ya taso daga rufi, ya wuce ta saman kansu ya caki bango. Auta ta daina kuka, shirun nata ya fi ihun tsorata uwar.

"Auta, kina ji na? Matse min wuya."

Ƙananan hannuwa suka matse.

A mararraba ruwan layuka ya haɗu yana juyi. Mai Ƙanƙara ya ce su yi bismillah su ƙetare. Suna tsakiya ya nutse, kamar an fizge shi daga ƙasa. Ya taka bakin kwatar. Firizar ta juya, ta fara jan Tela, ƙafarta tana neman barin ƙasa. Hannunsa kaɗai ya fito yana lalube a jikin farin ƙarfen, ba abin kamawa.

Inna ce ta cafke shi. Shekara guda tana jan jiki da hannu, damtsenta ya yi tauri. Ta riƙe wuyan hannunsa da hannu biyu, firizar ta karkata har ruwa ya fara zuba ciki.

"Wallahi ba zan sake ka ba! Tela, danne wancan gefen!"

Tela ta rataya da dukan nauyinta, ruwa ya shiga bakinta, ta ji kan Auta ya nutse ya fito. Mai Ƙanƙara ya ɓullo yana tari, ya samu wurin taka ƙafa. Daga hawan tudu wasu maza suka hango su, suka jefo igiya.

A ajin bene na makarantar aka sauke su. Wata ma'aikaciyar jinya ta ɗinke ƙwaurin Mai Ƙanƙara, inda simintin kwata ya tsage shi har ƙashi. Firizar kuwa ruwa ya tafi da ita da zarar an ciro Inna. Da la'asar wani da ya hau rufi ya ce bangon gidan su Tela na baya ya rufta, daidai ɗakin da gadon yake. Inna ta ji, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Tela ta zauna ta jingina da allo, yatsunta sun ƙi miƙewa. Iska tana ta girgiza tagogi. Sai a lokacin Auta ta yi magana.

"Mama, ruwan ya iya hawa bene?"

"Bai iya ba."

Ta jira yarinyar ta kwantar da kai, sannan ta tashi ta je bakin matakala ta leƙa ƙasa.