Farar Tsutsa a Gidan Inna Lou

A garinmu, idan watan kiwon tsutsar siliki ya kama, kowa jar takarda yake liƙawa a ƙofa. Ba ziyara, ba aron wuta, ko gaisuwa sai daga nesa. Shi ya sa da muka ji ana dukan ƙofarmu da tsakar rana, ni da surukata Inna Lou muka kalli juna.

Da ma a tsorace muke. Da safiyar ranar na tarar da tsutsotsi sun sandare a faifan kiwo na can ƙasa, fari fat kamar an barbaɗa musu gari. Farin ciwo ke nan. Gidan da ya ɓulla, dattawa kan sa a ƙone faya-fayansa duka kafin ya bi gari. Inna ta tsince su a tsumma, ta ce in kama bakina.

"Inna Lou, ni ne Baogen!"

Maƙwabcinmu ne. Tun rigimar iyakar gona ba ya ga maciji da Inna.

"Ba ka da ido ne? Ba ka ga takarda ba?" in ji ta daga ciki.

"Na gani, Inna. 'Yata Lanfang ce, zazzaɓi ya haye mata, sai jijjiga take, haƙora sun datse. Tsoho Mu mai magani ya ce sai an sa tsutsar da farin ciwo ya busar a haɗin. Tasa ta ƙare, ruwa kuma ya shanye gadar birni."

"To gidana ne ya yi maka kama da na masu ciwo?"

"Kowace ƙofa na buga. Kowa ya ce nasa lafiya lau."

Na dubi Inna, na dubi sauran faya-fayan da muka kwana biyu muna ɗora wa ganye, tsutsotsi sun yi ɓul-ɓul, saura kaɗan su fara saƙa. Da kuɗin silikinsu muke cin abinci duk shekara.

"Inna," na ce a hankali, "in kika ba shi, kafin yamma gari ya sani."

"Na tambaye ki?"

Ta ɗora hannu a kan sakata, ba ta zare ba. Muka ji takunsa ya fara nisa. Sai ta fizge ƙofar, har takardar ta yage.

"Kai, mai taurin kai! Dawo."

Ta cusa masa tsumman. Ya buɗe, ya gani, ya ɗago yana kallonta.

"Me kake jira? Ruga!"

Matan da ke leƙe ta katanga duk sun gani. Kafin la'asar dattawa suka iso. Inna ba ta yi musu gardama ba, da hannunta ta fito da faya-fayan duka, mijina ya kunna wuta a bakin rafi. Ta juya baya har aka gama. Ni kam na yi kuka.

Tsoho Mu ya soya tsutsar da dusa, ya daka, ya haɗa da sauran itatuwansa. Sai washegari jijjigar ta lafa, yarinyar ta nemi kunun shinkafa.

Da aka kwashe siliki, Baogen ya shigo da kwando biyu cike da dunƙulen silikin da tsutsotsinsa suka saƙa, ya ajiye a tsakar gida. Inna ta ɗaga dunƙule ɗaya, ta yatsina fuska.

"Ƙanana ne. Ba ka iya ba su ganye ba."

Amma ta ce in ɗora masa shayi.