Kwandon Alƙaliya

Mai hoto bai taɓa miƙa wa kowa aikinsa ba sai ya bi ta hannun matarsa. Da la'asar yakan rufe shago ya taho da hotunan da ya wanke, ita kuwa ta zauna bakin taga, faranti a dama, kwandon shara a hagu. Hoton da ya fita ya hau faranti, saura su sha kwando. Shi ya sa yake kiranta Alƙaliya.

Kai, matar nan ba ta raga masa! "Malam, me bawan Allahn nan ya yi maka ka sare masa ƙafa?" Yabonta mafi girma shi ne "ba laifi", shi ma sai an sha wuya. Yakan yi fushi ya ture kwanon abinci, gari na wayewa ya je ya gyara. Da haka ya yi suna har suka yi furfura.

Kwanan nan sai kwandon ya daina cika. Kowane hoto ta ɗaga sai ta ce ya yi kyau. Da fari har ya fara hura hanci, wai ya ƙware. Amma wanda ya san halin matarsa ba ya daɗewa cikin irin wannan daɗin.

Ran nan ya cusa wani hoto a tsakiya, wanda hannunsa ya girgiza wajen ɗauka, fuskokin suka dame kamar an zuba musu ruwa. Ta ɗaga shi wajen haske, ta jima.

"Wannan ya yi kyau," ta ce, ta ɗora a faranti.

Wallahi da ta zage shi da ya fi masa.

"Alƙaliya, tun yaushe?"

Ta shafa gefen farantin.

"An kwana biyu. Na je asibiti ban gaya maka ba. Likita ya ce jijiyar ido ce ta mutu, ba ta dawowa." Ta nemi hannunsa, ta kama iska, sannan ta same shi. "Na ji tsoron ka daina kawo mini su."

Ya jawo kujera kusa da ita, ya ɗauki na gaba, wani da shi kansa ya san haske bai ishe shi ba.

"To ni zan riƙa gaya miki. Wannan uwa ce da jaririnta. Ya... ya fita sosai."

"Malam, ido na rasa, ba kunne ba. Ya yi duhu, ko?"

"Ya yi."

"To ba ni."

Ta karɓa, ta miƙa hannu hagu ta sake shi. Hoton ya faɗi a ƙasa, nesa da kwandon. Ya sunkuya a hankali ya ɗauka ya saka mata a ciki, hawaye na ɗiga a bayan hannunsa.