Baƙin Taɓo a Takalmin Baban Yara

Ina tsaka da wanke tukunya na ji rediyo yana cewa an kai ƙudiri majalisar dokokin jiharmu, za a hana farauta a dajinmu gaba ɗaya har shekara goma, wai barewa ta kusa ƙarewa. Na tsame hannu daga ruwa na ce innalillahi.

Mijina maharbi ne. Shekara ashirin da uku da aurenmu, da bindigar nan yake ciyar da mu, da ita yara huɗu suka shiga makaranta. Shi ke harbowa, ni ke feɗewa, in gyara, in kai wa masu saye. Ba shi da wata sana'a, ba shi da shekarun koyon wata. In aka rufe daji shekara goma, gidanmu aka rufe.

Abokansa Kurum suke ce masa, don sai ya yini bai yi magana goma ba. Ni Baban yara nake ce masa. Na same shi a tsakar gida na faɗa masa abin da na ji. Ya ce, "Uhm." Sai ya ɗauki tsumma ya hau goge bindigar da ba ta da ƙura.

Na ga in na biye masa za mu kwana a kan "uhm", sai na aika aka kira ƙanwata Auta. Shekararta tara tana shara a majalisar nan, ba ɗakin da tsintsiyarta ba ta shiga ba. Ta zo bayan la'asar, ta zauna a kan turmi.

"Yaya, kwantar da hankalinki," ta ce. "Ƙudiri ba doka ba ne tukuna. Takarda ce mai neman zama doka, kuma tafiyarta da nisa. Karatu na farko suna kawai ake kira, kafin mutum ya gyara zama an wuce. Na biyu shi ne na hayaniya, ranar nake cika kwando uku da yagaggun takardu. Daga nan sai a miƙa wa kwamiti. A ɗakin kwamiti ake farkewa a sake ɗinki, kuma su ke kiran jama'a su zo su faɗi ra'ayinsu. In ya fito sai karatu na uku, a yi ƙuri'a, a kai wa gwamna ya sa hannu."

"Yanzu yana ina?"

"Jiya ya wuce na biyu. Laraba ta sama za a ji ra'ayin jama'a. Maharba su rubuta abin da suke so, su kai wa akawun kwamiti kafin Litinin, ya sa sunayensu. In suka bari ya bar ɗakin nan, sai dai addu'a." Ta juya wajen mijina. "Kuma angon Yaya, don Allah a bar amaryar nan a gida. Masu gadin ƙofa ba su san wasa ba."

"Maharbi ba bindiga?" ya ce.

"Ai baki ake zuwa da shi. Naka yana nan kuwa, ko a aro maka?"

Washegari maharba goma sha biyu suka taru a ƙofar gidanmu, ina jin su daga kicin. Dogo, maƙwabcinmu, shi ya fi kowa murya. Shi da Baban yara tare suka tashi, kuma tun suna samari kowa ke son ya fi ɗan'uwansa kawo nama. Suka yi shawara mai kyau, ban raina ba. Suka ce za su roƙi kada a rufe daji duka, a rufe wurin da barewa ke haihuwa kawai, da watannin da take ɗauke da ciki. Aka kai wa mai buga takardu a bakin kasuwa ya buga, kowa ya dangwala.

Abu ɗaya ne ba su sa a takardar ba. Ba su ce ga wurin ba.

Wanda bai zauna da maharba ba ba zai gane wannan ba. Maharbi zai ba ka rigarsa, zai ba ka cinyar naman da ya wahala a kai, amma ba zai faɗa maka inda ya samo ba. Shekara ashirin da uku Baban yara bai taɓa ce mini ga inda yake zuwa ba. In gabas zai nufa, sai ya fita ta yamma ya zaga, kada wani ya bi sawunsa. Duk haka suke. Na ji lokacin da mai karanta takardar ya kai wurin, sai kowa ya hau tari, Dogo ya ce, "A bar wannan, in an je can a yi bayani."

Ranar Laraba na yi sallar asuba, na roƙi Allah Ya buɗe bakin mutumin nan, na ɗauki mayafina na bi su. Matar Dogo ta zo, da matar wani maharbi da ake kira Gajere. Ɗakin kwamiti ba wani babba ba ne. Dogon tebur a gaba, fanka biyu ɗaya ba ta aiki, kujerun roba a jere, da abin magana mai ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Mu mata muka zauna a baya. Shugabar kwamitin wata dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci, ba ta ɗaga murya, amma in ta kalli mutum sai ya gyara zama.

Jami'in gandun daji ya fara. Ya nuna hotuna, ya ce barewar da ta rage ba ta kai rabin ta da ba. Tsakani da Allah bai yi ƙarya ba. Farkon aurenmu wuƙata ba ta hutawa, yanzu sai ta yi sati uku a rataye.

Aka kira Dogo. Ya tashi ya yi gaisuwa mai tsawo har da tambayar iyali. Shugaba ta bari ya gama, ta ce, "Na karanta takardarku. Kun ce a rufe wurin haihuwa kawai. Magana ce mai hankali. Ina ne wurin?"

Dogo ya waiga ya kalli sauran maharba, ya ga duk sun miƙo kunne. Ya ce, "Can arewa, ranki ya daɗe. Wajen tsohuwar rijiya."

Jami'in gandun daji ya yi dariya. "Tsohuwar rijiya? Wurin da ko ƙadangare ba ya kwana?"

Aka kira Gajere. Ya ce shi a saninsa kudu ne, wajen turakun lantarki. Aka kira Baban yara. Ya tsaya, ya riƙe abin maganar da hannu biyu, ya daɗe yana kallon fankar da ba ta aiki. Can ya ce, "Daji da faɗi, ranki ya daɗe."

Wallahi ji na yi kamar in nutse a kujera.

Shugaba ta cire tabarau. "Mutum uku, amsa uku," ta ce. "Bayin Allah, ba zan iya rubuta 'daji da faɗi' a cikin doka ba. Doka sai da iyaka, sai da wata da rana. In ba ku ba ni wuri ba, sashen hana farautar nan zai koma zauren majalisa yadda ya zo, shekara goma." Ta fara haɗa takardunta.

Na hango Auta a bakin ƙofa da bokitinta, ta zuba mini ido. Na san abin da na sani, na kuma san in na faɗa mutumin nan zai ji ciwo. Amma fushinsa na kwana nawa ne, rufe dajin kuma na shekara nawa? Na yi bisimilla na ɗaga hannu.

Akawu ya ce, "Ba sunanta a takarda."

Shugaba ta mayar da tabarau ta dube ni. "Baiwar Allah, ke ma maharbiya ce?"

"A'a, ranki ya daɗe. Ni ke wanke takalmin maharbi."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Ta ce a ba ni minti uku.

Na ce, "Ni ban yi boko mai nisa ba, ban kuma taɓa shiga daji ba. Amma duk ranar da mijina ya dawo hannu banza, takalminsa jar ƙura ce, da tsumma nake gogewa. Duk ranar da ya dawo da barewa, baƙin taɓo ne, mai danƙo, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da 'yan katantanwa farare maƙale a ƙasa. Sai na sa wuƙa nake kankarewa." Na juya baya. "Matar Dogo, ke wane iri kike kankarewa?"

Ta kalli mijinta, ta kalle ni. "Baƙi," ta ce. "Mai katantanwa. Ya cinye mini farce."

Matar Gajere ba ta jira an tambaye ta ba. "Ni ma shi ne. Har kaji ke tsince katantanwar."

Jami'in gandun daji ya miƙe da sauri ya buɗe taswira. Ya ce duk dajin nan wuri ɗaya ne ke da irin wannan ƙasa, fadamar da ke bayan tsagaggen dutse.

Maharba goma sha biyu suka hau kallon juna. Ashe duk zagayen nan da suke yi, wannan ta yamma, wancan ta kudu, wuri ɗaya suke ƙarewa, kowa da ranarsa.

Dogo ya nuna mijina da yatsa. "Kai Kurum! Kai ne kake riga ni ranar Talata?"

Baban yara ya ce, "Na ga sawun. Na ɗauka jaki ne ya ɓata."

Har shugaba sai da ta rufe baki da takarda. Da aka lafa ta ce, "To, wuri ya samu. Saura watanni."

Wannan ba abin dariya ba ne, sai na sassauta murya. Na ce mata wani lokaci in na farke cikin barewa nakan tarar da ɗan tayi, ya yi kai ya yi ƙafa. Nakan naɗe shi a tsumma in binne a bayan gida, in yi istigfari, in ja layi da gawayi a bayan ƙofar kicin don kada in manta. Layi talatin da ɗaya ne a can yanzu. Na ce, "Ban san sunan watan ba. Amma ban taɓa haƙa busasshiyar ƙasa ba. Kullum ƙasar a jiƙe take, da cokali ma sai ta haƙu. Daga ruwan farko ne zuwa wata huɗu."

Shugaba ta dubi jami'in. Ya ce hakan ya yi daidai da abin da suke zato, shaida ce ba su da ita. Ta ce wa akawu, "Rubuta. Ka sa sunanta."

A hanyar gida Baban yara bai ce mini komai ba. Wannan ba sabon abu ba ne, amma da muka isa sai ya ɗebi ruwa ya tsuguna ya wanke takalminsa da kansa. Nan na san fushin ya kai fushi. Na ce, "Baban yara, ka yi haƙuri." Ya ce, "Uhm." Na bar shi. Na ci gaba da kai masa abinci, ya ci gaba da wankinsa, yana barin rabin taɓon a jiki.

Auta ke kawo mana labari. Kwamiti ya farke sashen ya sake ɗinkawa. An kai rahoto zaure. A karatu na uku wani ɗan majalisa ya tashi ya ce an yi wa maharba sassauci da yawa, shugaba ta ce ya je ya tambayi matansu. Aka yi ƙuri'a, ya wuce. Sai ya je teburin gwamna ya zauna sati uku. Kullum in na idar da salla sai na ce Allah Ka sa hannun bawan nan naKa ya kai kan takardar nan. Ran wata Alhamis Auta ta shigo ko sallama ba ta gama ba ta ce, "Yaya, ya sa!"

Ba duk abin da muke so muka samu ba. An hana farauta wata huɗu na damina a ko'ina, fadamar kuma an rufe ta shekara uku cur. Kowane maharbi sai ya yanki takardar izini. Amma sauran dajin a buɗe yake wata takwas, kuma an sa maharban da kansu cikin masu tsaron fadamar, bibbiyu, ba bindiga. Da aka raba, Baban yara da Dogo aka haɗa. Matar Dogo ta ce Allah Ya yi adalci, ɗaya ba ya shiru, ɗaya ba ya magana.

Daminar farko mun ji jiki. Wuƙata ta yi tsatsa a rataye, miya ta yi ta tafiya ba nama, yara suka yi ƙorafi har suka gaji. Muka lallaɓa.

Damina ta biyu ta kusa fita, wata safiya ina hura wuta, na ji shigowarsa daga zagayen tsaro. Bai nufi wurin randa don wanke takalmi ba. Ya zo har ƙofar kicin, ya cire takalman ya ajiye mini a inda ya saba ajiyewa shekara da shekaru. Baƙin taɓo har idon sawu, da 'yan katantanwa.

Ya tsaya yana susar ƙeya. Ya ce, "Bakwai na gani yau. Biyar da 'ya'ya a bayansu."

Na ce, "Alhamdulillahi."

Ya ce, "Dogo ya ce tara ne. Ƙarya yake."

Ya wuce ɗaki. Na leƙa bayan ƙofa, layukan suna nan talatin da ɗaya. Guntun gawayin da nake ajiyewa a kan taga na ɗauko na jefa a murhu, na jawo bokiti da wuƙar kankara, don taɓon nan in ya bushe ba ya fita.