Shamuwar da Ban Gani Ba

"Ɗaga labulen nan sosai, Nevena," in ji maƙwabcina, Kawu Stamen. "Ko so kike in mutu ina kallon furannin yadi?"

Na ɗaga. Daga tagarsa a hawa na huɗu ana hango lambun bakin kogi, da dogon bututun hayaƙin tsohuwar masaƙa inda shamuwa ke yin sheƙa duk shekara. Sheƙar wayam take. Ranar sha bakwai ga Maris ce, likita kuwa ya riga ya faɗa wa 'yarsa Radka cewa saura kwanaki.

Mu tara ne 'yan sa-kai masu lura da halittu a unguwarmu da ke birnin Plovdiv. Duk Asabar mukan zaga lambun muna rubuta abin da muka gani: tsuntsu, kwaɗo, bushiya, furen da ya fara buɗewa. Kowa ya koma rubutawa a waya, shi kaɗai ya nace wa littafi da fensir. Shi ya ja ni ciki bayan rasuwar mijina, ni da ban san bambancin kurciya da tattabara ba. Dokarsa ɗaya ce: abin da idonka bai gani ba, ba ya shiga littafi. Shekara talatin da ɗaya yana rubuta ranar saukar shamuwar farko, bai taɓa tsallake ko ɗaya ba. Ta bana yake jira.

A wuyan hannunsa akwai zaren nan fari da ja da na ɗaura masa ranar ɗaya ga wata, kamar yadda kowa ke yi a ƙasarmu duk Maris. Ba a cire shi sai an ga shamuwa, sannan a ɗaura shi a reshe mai fure. Hannun ya rame har zaren yana zamewa gwiwar hannu. Da na ga haka, zuciyata ta karye, bakina kuma ya riga ni.

"Ai ta zo, Kawu. Na gan ta da safe, kana barci."

Ya juyo a hankali. "Ƙarfe nawa?"

"Takwas da kwata."

"Ɗaya ko biyu?"

"Ɗaya."

"Daga wane ɓangare?"

"Haba Kawu, kai ɗan sanda ne? Daga kudu mana!"

Ya miƙo hannu, na ba shi littafin. Ya daɗe yana rubutu. Daɗi ya kama ni, kunya kuma ta rufe ni, duka lokaci guda.

"To kawo in cire maka zaren."

"Bar shi tukuna," ya ce. "Yana ɗumama ni."

Ya sha cokali uku na miyar wake da na kawo, ya yamutsa fuska, ya koma kallon taga.

Ranar Talata da rana tsaka ya cika. Ina shanya kaya na ji kukan Radka ta bango. Kafin la'asar an manna takardar rasuwarsa da hotonsa a ƙofar gini, kusa da sanarwar ɗauke ruwa.

Bayan jana'iza Radka ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, littafin a hannunta, zaren a tsakiyarsa.

"Inna Nevena, ya ce naki ne."

Na buɗe a tsaye. Rubutunsa na ƙarshe ya karkace, amma ana karantawa:

"17 ga Maris. Shamuwa: babu. Nevena ta yi mini ƙarya, karon farko a shekara tara, kuma ba ta iya ba. Miyarta gishiri ya yi yawa."

A ƙasa ya rubuta "Shamuwar farko", ya ja layi, ya bar gurbin rana da lokaci. Na yi dariya, dariyar ta koma kuka, har Radka ta zaunar da ni.

Kwana huɗu ina zuwa lambun tun safe, ina zama a bencinsa. A na biyar ta sauka kan bututun, ta naɗe fukafukai, ta fara gyara kirare da baki. Na duba agogo sau biyu kafin in rubuta a gurbin da ya bari: tara da minti shida, ɗaya, daga gabas.

Akwai ƙaramin itace a bayan bencin da ya yi farin fure. Na cire zarena, na haɗa da nasa, na ɗaura su a reshe ɗaya. Nasa har yanzu da ɗan ƙullin da na ƙara masa don kada ya zame.