Bindigar Gwanki

A shekara ta biyu ta fari ne maigidana, wanda mutane ke kira Nababa, ya tuna cewa shi jikan Sarkin Baka ne. Shekara goma sha huɗu ina gidansa ban taɓa ganin ya kashe abin da ya fi kunama ba, ita ma daga nesa ya jefe ta da takalmi. Amma yunwa tana tuna wa mutum abubuwa. Wasu ta tuna musu dangin da ke birni, shi kuwa ta tuna masa kakansa.

Abin da ya rage mana a lokacin dami biyu ne na gero, na iri. Ni na zaɓi zangarniyoyin ɗaya bayan ɗaya daga 'yar kakar da muka samu, na ɗaure, na rataye a saman ɗakin girki inda hayaƙi ke korar ƙwari. Wata bakwai muna cin tafasa da dusa, yara uku suna tashi daga akushi suna waigensa, ban zare ko zangarniya ɗaya ba. Na san in muka ci shi, ranar da ruwa ya sauka ba mu da abin zubawa a ƙasa.

Sai wani mai raƙumi ya yada zango a garinmu, ya ce wai ƙishirwa ta koro gwanki daga arewa, garke guda, suna tonon ruwa a rairayin kogin Tomas. Ranar maigida ya shigo gida yana rabon nama da baki. Cinya ta Maigari, ƙafar gaba ta Liman, fatar kuma a yi masa buzu.

Na ce, "Malam, da me za ka harbe shi?"

Ya ɗaga kai ya dubi saman ɗakin girki.

Na yi kuka, na yi rantsuwa, na tsaya a bakin ƙofa na ware hannuwa. Ya ce, "Kaltume, ke tunaninki iyakarsa dami biyu. Gwanki ɗaya in na kai shi Ɗambatta, dami goma ne. Ruwa kuma da saura, dubi sama, ko gajimare babu. Ɗaya zan bayar, ɗaya in dawo miki da shi." Washegari ina can bakin rijiya ina jiran layi ya ɗora su a jakin aro ya tafi.

Labarin yadda aka zaɓi bindigar na haddace shi, domin ya ba ni shi ya fi sau ashirin, kullum da ƙarin gishiri. Wadda ransa ya so ita ce irin da ya taɓa gani a hannun wani tsohon soja, mai sakata a gefe, a ja a tura harsashi ya shige da kansa. Da ya ji abin da ake nema a kanta, ga takardar izini, ga harsashi sai an je birni, nan take ya gano cewa ai kakansa bai taɓa riƙe irinta ba. Sai ya nufi maƙera, wurin Badaru maƙeri.

Badaru ya jera masa guda uku a kan tabarma. Su maharba da yatsa suke auna bakin bindiga. Wadda ƙaramin yatsa kaɗai ke shiga ta zabo ce da kurciya, kuma jikan Sarkin Baka ba zai rataya ta mutane su gani ba. Wadda babban yatsa ke shigewa ta ɓauna ce, ga cin albarushi, kuma takan zaunar da mai harbin daɓas. Ta ukun ita ce yatsan tsakiya ya cika bakinta daidai.

Badaru ya ce, "Wannan ita ce ta gwanki. Bututun sitiyarin mota ne, ba na famfo ba. Ba ta da ci, ba ta da tsada, kuma abin da ta samu ba ya tashi."

Maigida ya zura yatsa sau uku, ya rufe ido ɗaya ya leƙa ciki, ya ɗora a kafaɗa ya auna wata akuya da ke wucewa. Sannan ya ce, "Ba za a sa mata sakata ba?"

"Ta baki ake ɗura ta, Malam Nababa. Sakata ba ta da aikin yi a jikinta."

"A dai sa."

Badaru mutum ne da ba ya musu da mai saye. Ya ɗauko sakatar ƙofa ya kafa mata a gefen ƙota. Ana ja tana ƙara, ba ta buɗe komai, ba ta rufe komai. Dami ɗaya ya tafi a bindiga. Na biyun, wanda aka yi mini alkawari, ya tafi a albarushi da darma da wannan sakata.

Duk wanda ya san ƙasarmu ya san ba mu da daji. Gona na manne da gona, in ka yi tari a taka mutum uku za su ce maka sannu. Haka maigida ya yi kwana tara yana ratsa gonakin mutane da bindiga a kafaɗa, yana gaisawa. A Tomas ya tarar da ramukan ruwa da mata da tuluna, da baƙi daga arewa zaune kusa da gawar shanunsu. Wani tsoho ya ce masa lalle ya taɓa ganin gwanki a wurin, shekarar da aka yi wa shi tsohon kaciya. Harbi ɗaya ya yi a duk tafiyar, a kan kurciya, kuma da yake ɗurin gwanki ne, ƙafa ɗaya ya tsinta da gashi.

Ya dawo ranar Laraba. Ranar Alhamis da la'asar gabas ta haɗe, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Gari ya ɗauki kabbara, yara suka fita tsirara suna tsalle. Ni kuwa na zauna a ɗakin girki ina duban igiyar da ta rage a sama. Ban taɓa jin haushin ruwa ba sai ranar, Allah ya yafe mini.

Da safe kowa ya fita shuka, maza da mata, domin a shekarun nan kulle sai gidan da ke da hatsi. Na ce, "Malam, ka je wurin Khalilu. Gonarsa ce a jikin tamu, kuma mutumin kirki ne. Ko ƙoƙo ɗaya ya ba mu, mu shuka wajen fadama."

"In je in ce masa me? Na ba da irina na sayo bindiga?"

"To ba haka aka yi ba?"

Ya ɗauki sungumi, ya miƙo mini ƙwaryar shuka, ba ko ƙwaya a ciki, ya rufe ta da faifai. Ya ce, "Taso. In muka zauna a gida yau, kafin azahar duk gari ya sani."

Na bi shi. Har yau ina tambayar kaina dalili, kuma amsar ba ta wuce cewa ni ma kunyar nake ji ba. Yana gaba yana sara, ina baya ina zura hannu ƙarƙashin faifai, in sunkuya in buɗe tafin hannu a kan rami, in take da dunduniya. Ya iya sara kuwa, layinsa a miƙe. Dama da hagu maƙwabta suna ɗago hannu suna yi mana barka da ruwa, muna amsawa.

Rana ta ɗaga muka iso iyaka. Khalilu ya gama tasa, ya tsallako gamba ya nufo mu, hularsa a hannu, cike da gero. Bai dubi ƙwaryata ba, ko sau ɗaya. Daga haka na gane ya sani.

Ya ce, "Malam Nababa, sannunku da aiki. Ragowa ce na samu, ba ni da inda zan zuba. Ko da sauran gurbi a wajenku?"

Hannuna ya riga ya fara miƙewa. Yarana uku nake gani a cikin hular nan.

Maigida ya dogara da sungumi, ya yi murmushi irin na mai wadata. Ya ce, "Kai, madalla, Allah ya saka da alheri. Ai mu ma har mun rage. Ka duba ko akwai mabukaci."

Khalilu ya juya ya tsallake gamba, hular tana hannunsa.

Maigida ya ɗaga sungumi ya sara rami na gaba. Na sunkuya, na buɗe hannu, na take.