Kunun Asabar Pahing

Shekara arba'in da uku ina dama wa mijina Darmaji kunu a ranar da ba tasa ba. Ni Sumirah, da ko kaza ce ta ɓace a ƙauyenmu na san gidan da ta shiga.

A wajenmu ba a wasa da ranar haihuwa, ta mako da ta kasuwa a haɗe, wadda ke zagayowa duk kwana talatin da biyar. Ranakun kasuwarmu biyar ne, kowace da sunanta, irin su Legi da Pahing. Tasa Laraba Legi ce, haka aka gaya mini tun ina amarya. In ta zo sai in dama kunun shinkafa na neman tsari, rabi fari da madarar kwakwa, rabi ja da sukari, in zuba masa a ganyen ayaba. Ya sha, ya goge baki, ya saɓa fartanya. Ko sannu babu. Wani lokacin ma in girka abinci ya ce cikinsa ba daɗi, ya wuni bai taɓa ba, ni kuwa in wuni ina cika ina batsewa. Tuni na yanke cewa ubansa ne ya zaɓe ni don gonarmu na jikin tasu, shi kuma ya karɓa don ba yadda zai yi. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Sai jikarmu ta samu manemi, aka ce a kai ranakunsu wurin tsohon da ke lissafi a ga ko sun dace. Yayar Darmaji, Yu Parmi (Yu muke ce wa yaya), tana gefe tana tsintar wake. Ta kwashe da dariya.

"Lissafi! Ku bar yarinya ta yi aurenta. Ba ga Darmaji ba? Asabar Pahing aka haife shi, a gabana."

"Yu, tsufa ne ko? Laraba Legi dai."

"Tsufana a gwiwa yake, bai kai kaina ba. Kafin aurenku shi ya riga kowa zuwa aka lissafa masa a ɓoye, ranarsa da taki suka ce ɗaya zai binne ɗaya da ƙuruciya. Uwarmu ta rasu, baba kuwa ko ranar kasuwa ba ya riƙewa. Kwana uku Darmaji yana bina da magiya in ce Laraba Legi. Wai in ba wannan mai bakin tsiyar da ke sayar da wake a kasuwa ba, jirgin Sumatra zai shiga ya bar ƙauyen."

"Wace mai bakin tsiya?"

"Ke mana! Akwai wata?"

Na shiga madafa na zauna, na rasa abin da ke mini daɗi. In yi fushi ne an yi mini ƙarya? In ji tsoro, bayan ga mu nan duk da furfura? Ko in yi murna kamar wata budurwa? Na ɗora ruwa na manta ban hura wuta ba. Can na ɗauko kalanda ina bin ranakun da ya ƙi cin abincina, waɗanda na iya tunawa. Ranar da na soya masa kifi ya ƙi, na ba kyanwa don haushi: Asabar Pahing. Ranar girbi: ita ce dai. Ashe azumi yake yi, ni ina zarginsa da wulaƙanci.

Kwana tara na jira, ban ce masa uffan ba, ni da ba na iya riƙe magana daga safe zuwa azahar. Da ranar ta zo na dama kunun da sassafe na dire a gabansa.

Ya dubi kunun, ya dube ni. Bu yake kirana, ni in kira shi Pak, kamar kowane miji da mata a wajenmu. "Bu, yau ai ba Laraba ba ce."

"Na sani, Pak."

Ya girgiza kai. "Parmi da bakinta."

"Bar Parmi. Shekara arba'in da uku! Kana kallona ina dama kunu a banza?"

"Ba a banza ba. Na sha."

"To azumin fa?"

Ya sosa ƙeya. "Ni na yi ƙaryar. Na ce in abin zai zo, ya zo ta kaina."

Na so in kwaɗa masa ludayi, na so in rungume shi, na tsaya da ludayin a hannu kamar sakarai. Ya jawo ganyen gabansa, amma bai sha ba.

"Bu," ya ce, kansa a ƙasa, "da kin sani tun farko, da kin zauna?"

Sai a lokacin na gane shi ma shekara arba'in da uku ke nan bai sani ba. Ni mai bakin nan, duk surutuna, ban taɓa gaya masa ba. Na ɗebo kunu da ludayin na ƙara masa.

"Sha kafin ya huce," na ce.

Ya sha, har ya suɗe ganyen.