Kwalabe Biyar da Mai Gasa Masara

Ranar Laraba Damaris ta dawo da sauri, ta same ni a bakin shagona na Sabon Tasha ina kwance janareta. Ita ce 'yata ta fari. Shekara biyu ke nan da ta gama sakandare tana zaune a gida, ba makaranta ba aiki, sai zane a bayan duk takardar da ta shigo hannunta. Ta ce wata mata mai suna Madam Charity, wadda take buga littattafan yara a Barnawa, ta ga hoton da ta zana a takardar bikin godiya ta cocinmu, ta aika a kira ta. Matar mutum ɗaya take so ta ɗauka ta koya wa aikin zanen littafi, kuma su huɗu ne ke nema. Kowa zai kai zane ɗaya ranar Litinin da safe. A zana shi da baƙar tawada, sannan a sa masa kalar ruwa. Ban da biro, ban da fensir.

Na ajiye sifana, na sa ta maimaita mini sau biyu. Daɗin da na ji ya sa na rufe shago tun kafin la'asar. Amma muna kan hanyar gida tsoro ya biyo baya, domin Damaris ba ta taɓa zane da tawada ba, kuma ni ban san ko wace iri ake nufi ba. Mahaifiyarta Gloria ta ce ita ta ɗauki nauyin kalar, za ta sa a kawo mata daga cikin gari ranar Asabar. Ni na ce a bar mini tawada.

Washegari na fita tun da safe. Mai sayar da littattafai a kasuwa ya ce akwai tawadar da masu zane suke amfani da ita, amma ba shi da ita, sai dai ya sa a aiko daga Legas, mako guda. Ya ba ni ta alƙalamin rubutu, ya rantse baƙa ce ƙirin. A ofishin 'yan keke Napep na roƙi ta hatimi, sakatare ya tsiyaya mini a kwalbar magani. Daniel mai shagon kwamfuta ya ba ni ta firinta, yana ta dariya yana cewa in ya ga zanen ya yi kyau shi ma zai bar kwamfuta. Ina riƙe da kwalabe uku sai na tuna da Malam Nasiru.

Ni da Malam Nasiru mun yi shekara goma sha biyu tare a masaƙa a Kakuri kafin a rufe ta. Da aka sallame mu, ni na kama gyaran janareta, shi ya koma sana'ar mahaifinsa ta rubutun hannu a gidansu da ke Makera. Na same shi a zaure. Bayan mun gaisa na ce ya ba ni tawadar da ta fi kowace baƙi a cikin nasa. Ya tambaye ni me za a yi da ita, na ce yarinya ce take so. Ban ƙara ko kalma ba, don ni mutum ne da ba na son faɗin abu kafin ya tabbata, sai in ga kamar bakina zai kore shi. Ya dube ni kaɗan, ya zuba mini tawada a kwalba, ya haɗa mini da alƙalamin kara guda biyu da ya fere da kansa.

Da yamma muka fito da benci tsakar gida, muka jera kwalabe huɗu. Damaris ta yanka takarda mai kauri gida huɗu, ta rubuta wa kowace lamba. Rabon da in ga idonta yana ƙyalli haka tun tana firamare. Ni ne mai riƙe kwalba, ita mai jan layi, Gloria tana daga bakin murhu tana ba da nata hukuncin ba a tambaye ta ba.

Ta alƙalami ta bi takarda sumul, muka ce mun samu. Da ta bushe sai ga shuɗi-shuɗi a cikinta, kamar rigar 'yan makaranta da ta sha wanki. Ta hatimi maiƙo gare ta, ta ratsa takardar har ta bar tabo a benci, bayan rabin awa kuma na ɗora yatsa ta biyo ni. Ta firinta baƙa ce sosai, amma ba ta tsayawa inda aka sa ta. Layi siriri kamar zare sai ya yi ta fitar da ƙananan gashi gefe da gefe. Gloria ta leƙo ta ce wannan ai ƙafar kyankyaso ce.

Sannan Damaris ta tsoma alƙalamin kara a ta Malam. Ta ja layi ɗaya, ta tsaya, ta sake jan wani. Baƙa wuluk, tana sheƙi, kuma inda ta danna layin ya yi kauri, inda ta sassauta ya zama kamar gashi. Nan take ta zana kan akuyar maƙwabta da ke leƙen mu ta katanga, da gemunta da komai.

"Baba, wannan ce," in ji ta.

Duk da haka ban yarda ba sai da na ƙara gwaji. Na kai takardun rana da safiyar Juma'a in ga ko za su koɗe. Na ɗaga su sama na duba bayansu. Na murza su da babban yatsa. Ta Malam ta cinye duka. Na riƙa zagaya tsakar gida da takardar ina nuna wa duk wanda ya shigo, har mai kawo mana ruwa.

Ranar Juma'ar nan Damaris ta yini a kan benci. Wata mata ta zana, mai gasa masara da take gani a bakin titin Abuja a Gonin Gora in ta je gidan gwaggonta. Ga matar a zaune ƙarƙashin lema, hannu ɗaya da mafici, ɗayan yana juya masara, ga bayan wata tirela ta wuce. Har tattarar goshinta ta fito, ta mutumin da hayaƙi ya dama. Sau uku ina barin shago ina zuwa leƙe, har ta ce in na sake dawowa za ta kulle ƙofa.

Asabar da safe kala ta iso. Muka tsaya a kanta ni da Gloria. Damaris ta jiƙa burushi, ta ɗebo ruwan ƙasa-ƙasa, ta shafa a fuskar matar. Ina kallo idon matar ya narke. Hanci ya bi shi, baki ya bi, baƙin ruwa ya gangaro ta wuya ya sauka kan masara. Ta yi sauri ta ɗora tsumma, da ta ɗaga babu fuska sam, sai wani toka-toka kamar gindin tukunya.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ajiye burushin a hankali ta zauna. Gloria ta ɗebo ruwa a kofi ta ɗiga a kan sauran takardun gwajin nan uku. Ta alƙalami ta gudu, ta firinta ta gudu, ta hatimi ta tsaya amma ita ba ta zanuwa. Duk gwajin da na yi, ruwa kaɗai ne ban kawo ba, kuma shi ne aikin. Saura kwana biyu.

Na naɗe zanen na hau keke zuwa Makera. Wannan karon na faɗa wa Malam Nasiru komai, tun daga Madam Charity har fuskar da ta narke. Ya buɗe takardar, ya daɗe yana kallon hannun matar da maficinta. Sannan ya fara dariya har yana share hawaye da hannun riga.

"Matthew, tawadar allo na ba ka. Gawayi ne da ƙaro. An yi ta ne musamman don a wanke, yaro ya rubuta yau ya wanke gobe ya sake rubutawa. Kai da ka shekara goma sha biyu a masaƙa, ka manta ko atamfa sai an tsoma ta a ruwa ake sanin ta ƙwarai?"

Na ce a sashen ɗaure kaya nake, ba na rini ba. Ya ce shi ya sa na ɗaure bakina ranar Alhamis. Da na gaya masa abin da za a yi, da ba mu kai nan ba.

Ya shiga ciki ya fito da wata kwalba. Ya ce wannan ita ce ta takarda, da ita yake rubutun da ake so ya daɗe. Bagaruwa ake dafawa da kashin maƙera, wato dattin ƙarfen da wutar ƙira ke bari, a tace, a sa ƙaro kaɗan. Ya ja layi a gefen zanen don in gani. Abin da na gani kamar ruwan shayi ne da aka yi wa rowar ganye. Na ce Malam, matar nan baƙa ta ce. Ya ce ita wannan ba a kwalba take baƙi ba, a kan takarda take yi, sai ta sha iska ta kwana. Ta zana yau, kada ruwa ya taɓa sai gobe bayan azahar. Ya ce in gaishe da 'yarsa, in kuma gaya mata wanda ya zana hannun nan ba ya rasa aiki.

Da na kawo, Damaris ta ja layi ta dubi abin, ta dube ni. Na ga tambayar a fuskarta: tawadar da na kawo da farko ita ta ɓata mata yini guda, yanzu kuma na kawo ruwan shayi. Na ce ni ma ban ga ta yi baƙi da idona ba, maganar Malam kawai nake da ita, amma shekara goma sha biyu ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Sannan ta ɗauko sabuwar takarda, ta ce in matsa mata daga haske.

Ta sake zana matar har rana ta faɗi, tana kusantar da fuska don layin da ƙyar ake ganinsa. Ta kuma ja layuka a wata 'yar takarda daban don gwaji. Muka ɗora su kan kabad, Gloria ta kafa dokar kada kowa ya shiga ɗakin da kofi.

Lahadi da safe ni na fara tashi. Na ɗauko zanen na kai bakin taga, sai na ji ina kiran sunan Gloria da ƙarfi. Matar ta fito. Layin da ya kwana kamar shayi ya zama baƙi mai duhu, ba mai sheƙi irin na allo ba, wani baƙi ne da ya shige cikin takardar ya zauna. Damaris ta fito da ɗankwali a hannu, ta kalla, ta rufe baki. A coci ban ji ko kalma ɗaya ta wa'azi ba. Ina ta duba agogo, har dattijon da ke kusa da ni ya tambaye ni ko tafiya zan yi.

Ƙarfe biyu muka ɗauko 'yar takardar gwaji. Damaris ta ce ni zan zuba ruwan. Na ɗiga, muka sunkuya mu uku. Ruwan ya zauna a kan layin, layin bai motsa ba. Ta goga da burushi, ta sake gogawa da ƙarfi. Ko gezau. Gloria ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Ta sa kalarta, fuska ta tsaya, lema ta yi ja, masara ta yi ruwan ɗorawa. Ina cewa an gama sai na ga ta miƙa hannu ta ɗauko tawadar allo. Na riƙe kwalbar na ce wannan ba za ta sake taɓa takardar nan ba. Ta ce in sake, ta san abin da take yi. Jiya da fuskar ta narke, ta ce, ta lura da irin tokar da ta bari, kuma babu kalar da ke cikin akwatin nan da za ta ba ta hayaƙi irin wannan. Ta ɗiga kaɗan a saman garwashin, ta bi shi da ruwa zalla, ta ja sama. Hayaƙi ya tashi daga masarar, ya bi ta gefen fuskar matar, ya ɓace a ƙarƙashin lema. Na zauna a kan bokiti ina kallo.

Litinin na raka ta Barnawa, zanen yana tsakanin kwali biyu a ƙirjina, ina ta faɗa wa mai keke ya bi a hankali. Ta shiga, ni na tsaya a waje ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Sauran ukun suka fito ɗaya bayan ɗaya, ita shiru. Can sai aka leƙo aka ce ana kiran baban Damaris.

Madam Charity doguwa ce mai tabarau, ba ta da yawan fara'a. Zanen yana gabanta a tebur. Ta ce tayar tirelar ta karkace, kuma lemar ta yi wa matar girma, duk za a gyara wannan. Sannan ta ce shekararta ashirin tana wannan aiki, ta san tawadar kanti in ta gan ta, wannan ba ita ba ce, kuma yarinyar ta ce ni na kawo. Na fara ba ta labari tun daga kasuwa, Damaris tana taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Matar ta saurara har ƙarshe.

"Gobe ƙarfe takwas," ta ce wa Damaris. "Wata uku na gwaji, in kin yi ƙoƙari ki zauna. Ki zo da kwalaben nan biyu, ina so in gwada su da hannuna."

Muka fito. Damaris ta kama hannuna tana tambaya ko akwai motar da ke zuwa Barnawa kai tsaye daga Sabon Tasha da sassafe, ko sai ta sauka ta sake hawa. Na ce ban sani ba, amma mu je tasha yanzu mu tambaya.